Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: A Bar Mana Gidan Tarihin Jiragen Sama

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Shugaba, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da kansilolinka da ma'aikatan sakatariya baki ɗaya, muna roƙon Allah Ya yi maka jagora a kan amanar da aka ɗora maka. Muna kuma miƙa gaisuwar ban-girma ga uban ƙasarmu, Hakimi, Allah Ya ja zamaninsa, da Dagaci da masu unguwanni, waɗanda muka kai wa kwafin wannan takarda hannu da hannu kafin mu sake ta a intanet.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya, kimiyya da fasaha na koyar a sakandaren gwamnati. Ina rubuto maka ne a madadin 'yan sa-kan da ke riƙe da ɗan gidan tarihin jiragen sama da ke cikin tsohon siton gyaɗa, bayan firamaren garinmu. A cikinmu akwai tsofaffin sojojin sama da suka ajiye kaki suka dawo gida, akwai masu walda da kafintoci da tela, akwai malaman firamare da na Islamiyya, sannan ga samari da 'yan mata da suka gama sakandare suna jiran Allah Ya buɗa musu. Babu mai karɓar albashi a cikinmu. Duk ƙusar da aka kafa a wurin nan, da kuɗin aljihun wani aka saye ta, ko daga fansho ko daga cinikin ranar kasuwa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne takardar da aka kawo mana daga sakatariya, wadda ta ce mu kwashe kayanmu kafin ƙarshen watan gobe, domin za a rushe siton a gina shaguna da tashar mota. Mun bi hanyar da aka saba, mun je mun yi zaman benci, ba mu samu ganinka ba. Shi ya sa muka zaɓi mu yi magana a bainar jama'a, cikin ladabi, don kowa ya ji daga bakinmu.

Mun ji an ce an shaida maka cewa tarkacen ƙarfe ne kawai a cikin siton. Ka yi mana haƙuri mu ɗan tsawaita a nan, domin idan ba a san abin da ke ciki ba, ba za a san abin da ake shirin rushewa ba.

A ƙarshen Oktoban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka bi ta Sudan, suka ratsa Chadi, suka shigo ta Maiduguri, a farkon Nuwamba suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, zamanin Sarkin Kano Usman. Daga wannan tafiya ake ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya, kuma Kano ce inda suka nufa tun daga Masar. A Nuwamban 2025 abin ya cika shekara 100 cif. A 1936 jiragen fasinja suka fara zirga-zirga tsakanin Kartum da Kano, shi ya sa filin jirgin Malam Aminu Kano ya girmi kowane filin jirgi a ƙasar nan.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, Italiya ta shiga a 1940, tekun Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa ga jiragen ruwan Ingila. Sai suka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a haɗa su a can, su taso su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Njamena wadda a lokacin ake kira Fort Lamy, sai Kartum, sai Alƙahira. Akan ga jirgi mai inji biyu, Blenheim, a gaba yana nuna hanya, ƙananan Hurricane na biye da shi. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya, kuma a Kano suke shan mai, a duba lafiyarsu, matuƙa su huta. Su wa suka gangara musu durom ɗin mai? Su wa suka share filin, suka yi dakon duwatsu, suka yi gadi? Kakanninmu ne, mutanen karkarar Kano da ke shiga birni cin rani. Akwai dattijo a garin nan da mahaifinsa ya yi wannan leburanci, mun naɗi muryarsa yana ba da labarin yadda mahaifin nasa ke kwatanta rugugin injin da ƙurar da farfela ke tayarwa. Littattafan Turawa sun ajiye sunayen matuƙa, amma ba su ajiye na waɗannan bayin Allah ba. Mu muke ƙoƙarin ajiyewa.

Bayan mulkin kai, a 1964 aka kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya, da taimakon ƙwararru daga Jamus ta Yamma. A watan Agustan 1967, farkon yaƙin basasa, a filin jirgin Kano jiragen MiG-17 na farko ƙirar Tarayyar Sobiyet suka iso. Daga baya aka samu MiG-21, aka samu Alpha Jet, aka samu babban jirgin dako C-130. Har yau akwai makarantar horas da matuƙan sojan sama a Kano, inda ake koyo da L-39. Wannan ƙarar da yaranmu ke ji suna kiwo su ɗaga kai sama, tana da tarihi, kuma tarihin nasu ne.

To me muke da shi a cikin siton? Ba za mu yi maka ƙari ba. Ba mu da jirgin da ke tashi. Muna da ɓarin fiffike, da taya, da farfela, da allon agogunan gaban matuƙi, waɗanda muka fanso a hannun 'yan gwangwan kafin su kai su a narkar. Muna da kaki da hular kwano da takardun aiki da hotunan da tsofaffin sojojinmu da iyalan waɗanda suka rasu suka ba mu amana. Muna da ƙananan jirage na langa-langa da yara suka ƙera da hannunsu, kowane samfuri da bayaninsa a rubuce da Hausa, da boko da ajami, domin dattijon da bai yi boko ba ya karanta da kansa. Babban abin da muke alfahari da shi kuma shi ne kwaikwayon DH.9A da muke haɗawa daidai girmansa na asali. Jirgi ne mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, na katako da waya, a lulluɓe da yadi, mai ɗaukar mutum biyu kansu a waje. Injinsa na asali ƙirar Amurka ne mai silinda 12. Kafintocinmu sun gama gangar jiki da haƙarƙarin fukafukai, masu walda sun yi ƙafafu, telanmu na ɗinka akoko ana ja ana shafe shi da fenti har ya yi tauri. Na ainihi guda yana ajiye a gidan tarihin sojan saman Ingila a Landan. Ɗan garin nan nawa ne zai je Landan ya gan shi?

Yanzu ga koke-kokenmu.

Na farko, an yanke hukunci ba a ji ta bakinmu ba. Lokacin da muka shiga siton nan kango ne, rufi ya yaye, jemagu sun cika shi, ya zama mafakar masu shaye-shaye har iyaye na tsoron yaransu su bi ta wajen idan an tashi daga makaranta. Da izinin Dagaci da sanin hukumar wancan lokaci muka share shi, muka yi yaɓe, muka sa ƙofa. Takardar izinin tana nan a hannunmu. Ba mu ce filin namu ne ba, na hukuma ne, mun sani. Amma wanda ya raya wuri ya cancanci a kira shi a zauna da shi kafin a aiko masa da wa'adi.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mana rai, takardar ba ta faɗi inda za mu koma ba. Mai girma Shugaba, daga bakin wannan fiffike zuwa wancan, mita 14 ne faɗin jirgin nan, tsawonsa kuma ya haura mita 9. Babu zaure ko ajin makaranta a garin nan da zai ɗauke shi. Ba ya fita ta ƙofar siton sai an kwance shi, kuma haƙarƙarin da aka manne da gam, idan aka ɓamɓare shi, ba ya komawa yadda yake. Wa'adin da aka ba mu zai cika ne daf da faɗuwar damina. Idan muka jingine shi a waje, ruwan farko zai jiƙa akokon ya ruɓe, katako ya kumbura ya karkace, gara ta gama da sauran kafin kaka. Ƙarafan za su yi tsatsa, ko kuma a wayi gari an yi awon gaba da su, domin kowa ya san farashin gwangwan a yanzu. Hotuna da takardu kuwa, laima kaɗai ta ishe su. Wasunsu babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Akwai wata baiwar Allah da ta kawo mana hoton mijinta, marigayi, yana tsaye da kayan aiki a gindin jirgin da yake gyarawa. Shi kaɗai ne hotonsa da take da shi. Ta ce ta fi son jikokinsa su riƙa zuwa suna ganinsa a inda ake girmama shi. Da wane ido za mu dube ta idan ya lalace a hannunmu?

Na uku, masu karɓar haraji suna zuwa mana da rasit kamar masu shago. Ba ma karɓar ko sisi a ƙofa. Akwai asusu na katako da mai niyya ke jefa abin da ya sawwaƙa, da shi ake sayen fenti da maganin gara. Abin da aka karɓa a matsayin haraji, daga bakin wannan asusu ya fita.

Na huɗu ya shafi yara, kuma a nan malamin da ke cikina ne ke magana. Na yi shekaru ina zana fiffike a allo da alli, ina bayanin yadda iska ke bi ta samansa da ƙarƙashinsa, yadda siffarsa da ɗan karkacewarsa ke tura iska ƙasa shi kuma ya ɗagu sama. Yara su kwafe, su haddace, su rubuta a jarrabawa, su manta. Makarantunmu na karkara ba su da ɗakin gwaje-gwaje na kirki, kai ma ka sani. A siton nan yaro yana ɗora tafin hannunsa a kan fiffike na gaske, ya ji yadda samansa ya yi doro. Ya kama sandar tuƙi ya ja, ya waiwaya ya ga wutsiyar jirgin ta motsa, saboda wayar da ya ga an ɗaura da idonsa. Daga nan tambaya ba ta ƙarewa. Tsohon sajan ɗinmu, wanda ya yi aikin kanikancin jirgi har ya yi ritaya, yakan zaunar da su ya nuna musu yadda ake ƙirga kayan aiki kafin a fara gyara da bayan an gama, domin sifana ɗaya da aka manta a cikin inji tana iya kashe mutum. Wannan tarbiyya ce da ke bin yaro ko da gyaran babur zai yi. 'Yan matan sakandare su suka fi kowa naci, su ne ma suka rubuta yawancin bayanan da ke manne a bango. Kuma ba mafarki muke sayar musu ba: Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tana Zariya tun 1964, cibiyar fasaha ta sojan sama tana Kaduna, jami'ar kimiyya da fasaha tana Wudil, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga filin jirgi a Dutsen ma. A 2007 duniya ta ji labarin ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta daga tarkacen mota da babur. Basira tana nan a ƙasar Kano. Abin da ɗan ƙauye ya rasa shi ne wurin da zai fara gani ya taɓa. Idan aka rufe siton, makarantun ƙauyukan da ke kewaye da mu, waɗanda ke zuwa a ƙafa ko a bayan a-kori-kura, ba su da wani wurin da za su kai ɗalibansu. Kuɗin motar kai aji guda birni ya fi ƙarfin yawancin iyaye.

Mun san akwai masu cewa ajiye kayan soja a ƙauye a wannan zamani na rashin tsaro haɗari ne. Damuwarsu tana kan hanya, ba mu raina ta ba. Babu makami a wurinmu, babu harsashi, babu abin da ke fashewa. Mun rubuta kowane abu a rajista, da inda aka samo shi, kuma ƙofarmu a buɗe take ga jami'an tsaro su zo su duba duk ranar da suka so. Akwai kuma masu cewa muna koya wa yara son yaƙi. Wallahi akasin haka muke yi. Idan muka zo kan MiG-17, muna gaya musu cewa a kan 'yan ƙasa ɗaya aka yi amfani da shi, kuma fararen hula da yawa sun mutu a hare-haren sama na yaƙin basasa. Tsofaffin sojojinmu su suka fi kowa dagewa a faɗi wannan, don sun san abin da jirgin yaƙi ke bari a ƙasa bayan ya wuce.

Na biyar, akwai takardar neman goyon baya da muka shigar sakatariya tun bara, har yau ba ta fito ba. Burinmu shi ne mu roƙi hedikwatar sojan sama ta ba mu aron jirgi ɗaya daga cikin waɗanda suka daina aiki, a cire masa duk abin da ya kamata a cire, a ajiye shi a nan. Masu ba mu shawara sun ce irin wannan roƙo ba ya tafiya sai da sa hannun hukumar yanki da shaidar cewa akwai tabbataccen wuri. Wannan ba baƙon abu ba ne. A Umuahiya ta jihar Abiya akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa, inda aka jera jiragen da ɓangarorin biyu suka yi amfani da su a yaƙin basasa, mutane na zuwa gani daga ko'ina. A garin Newark na Ingila akwai gidan tarihin jiragen sama a kan wani tsohon filin jirgin yaƙi, wanda 'yan sa-kai suka kafa kuma su ke tafiyar da shi, an buɗe shi ga jama'a tun 1973, yau yana da jirage masu yawa har da manyan masu jefa bom. Su ma da kaɗan suka fara. Kano tana da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, Jigawa tana da zanen duwatsun Birnin Kudu. Tarihin jirgin sama, wanda a nan ya fara, shi ma ya cancanci rumfarsa, kuma babu dokar da ta ce sai a birni.

Kada a ɗauka muna adawa da shaguna ko tasha. 'Ya'yanmu ne za su ci abinci a wurin, kuma mun san ƙaramar hukuma na bukatar kuɗin shiga. Amma ga fili nan a bakin titi, gabas da kasuwa, wanda direbobi da kansu suka fi so saboda a nan fasinja ke tsayawa. Tasha a bayan firamare kuwa, ƙaramin yaro da mota ne za su riƙa haɗa hanya safe da rana. Ko babu mu a siton, wannan abin dubawa ne.

Saboda haka, mai girma Shugaba, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ka dakatar da wa'adin nan, a rubuce, kafin ranar ta zo. Maganar baki ba za ta tsayar da mai katafila ba idan ya iso da takardarsa a hannu.

Muna roƙon ka zo da kanka, kai da kansilan mazaɓarmu da shugaban sashen ilimi, ka ga wurin. Ka zo ranar da ɗalibai ke nan. Idan ka gani ka ce tarkace ne, to aƙalla da idonka ka yanke.

Muna roƙon a bar mana siton da takardar izini ta shekaru masu tsawo, da sunan al'ummar gari, a ƙarƙashin kulawar Hakimi, ba da sunan ɗayanmu ba, don kada gobe wani ya ce gadonsa ne. Idan kuma hukuma ta ga lallai sai an rushe, to a ba mu wani wuri mai rufin kwano da daɓen siminti wanda faɗinsa zai ɗauki jirgin, a gama shi kafin a ce mu tashi, a kuma bari sai bayan damina. Aikin hannu namu ne, ba mu nemi a biya mu ba. Bulo da kwano da katako ne suka fi ƙarfinmu.

Muna roƙon a cire mu daga jerin masu biyan harajin kasuwanci, a kuma sanar da masu karɓa.

Muna roƙon ka sa hannu a takardar goyon bayan nan, ka haɗa da taka wasiƙar zuwa ga hukumar tarihi da al'adu ta jiha da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, su turo mana masani ya koya wa matasanmu yadda ake adana takarda da hoto da yadi a irin yanayinmu na ƙura da zafi. Muna yi ne da iyakar saninmu, kuma muna son mu ƙara sani.

A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin ci gaba da buɗe ƙofa kyauta ga kowace makaranta a ƙaramar hukumar nan, ta boko da ta allo, da miƙa wa sakatariya kwafin rajistar kayanmu da lissafin asusu duk ƙarshen shekara.

Ga 'yan'uwa masu karanta wannan a birni da sauran garuruwa, musamman tsofaffin sojojin sama da iyalansu: idan akwai hoto ko takarda ko labari a gidanku, ku adana shi, kada ku bari a zubar. Wanda kuma yake da hanyar isar da wannan wasiƙa ga Shugaba, don Allah ya isar.

Muna jiran amsarka kafin ƙarshen watan nan, domin idan kwancewa za mu yi, kafintoci na bukatar makonni kafin su raba fukafukan ba tare da sun karye ba. Allah Ya taimake ka, Ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Sakataren 'yan sa-kai, a madadin dukkan masu hidimar gidan tarihin.